Kafin Ka Zauna Gaban Kyamara: Jagora Ga Mai Son Karanta Labaran Talabijin a Katsina

Duk shekara idan ɗaliban da makarantu ke turowa sanin makamar aiki suka iso ɗakin labarai, ba a cika kwana 3 sai wani ya matso kusa da teburina ya rage murya: "Malam, yaushe za a fara sa ni karatu?" Ba na ce masa komai. Nakan miƙa masa takardar sanarwa ta Turanci mai shafi 2 daga wata ma'aikata, in ce ya mayar da ita Hausa cikin jimla 5, sannan ya miƙe tsaye ya karanta mini da ƙarfi. Mai kyan fuska da zaƙin murya yakan yi gumi a nan. Wani kuwa da ba ka ko lura da shigowarsa ba sai ya kawo maka abin da tsohuwa a Ƙofar Guga za ta fahimta tana tankaɗen gari.

A gari irin Katsina, wanda kake karanta wa labari da daddare shi ne za ku tsaya sahu ɗaya da shi da asuba. Ya san gidanku, ya san wanda kake ba da labarinsa, wataƙila ma ya je wurin da abin ya faru. Saboda haka abin da ke riƙe mutum a kan kujerar nan shi ne Hausarsa, da sanin mutanensa, da yardar da suka yi masa. Matakan da ke ƙasa na jera su ne bisa yadda na ga hanyar tana tafiya.

Ka fara ƙirga kujerun

Talabijin ya shigo Arewa ta Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977, aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, sai a 1992 aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. A birnin Katsina manyan gidajen talabijin da kowa ya sani su ne NTA Katsina ta gwamnatin tarayya da KTTV ta jiha. Masu karanta labarai a kowane gida ba su da yawa, kuma wanda ya samu kujerar ba ya saurin tashi. Don haka kada ka raina rediyo. Rediyon Jihar Katsina, Companion FM, Vision FM da sauransu nan ne ake gasa murya, kuma editan talabijin yakan fi amincewa da wanda ya riga ya ji shi a rediyo wata da watanni bai yi tuntuɓe ba.

Takarda

Ana buƙatarta, musamman a tashar gwamnati inda matakin albashi ke bin shaidar karatu. Difloma ko digiri a aikin jarida ita ce miƙaƙƙiyar hanya: akwai sashen a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, akwai a Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya, akwai kuma Kwalejin Talabijin ta NTA a Jos ga mai son aikin kyamara da situdiyo zalla. Wanda ya karanta Hausa ko Turanci ko tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa shi ma bai makara ba. A gaskiya ma, a teburin fassara na fi samun sauƙi da 'yan sashen Hausa. Abin da zan roƙe ka shi ne, lokacin sanin makamar aiki da shekarar bautar ƙasa ka yi duk yadda za ka yi ka samu gidan rediyo ko talabijin, ko da ba a ba ka sisi.

Hausar da kake zaton ka iya

A nan zan daɗe, don a nan mafi yawa suke faɗuwa.

Rahotanni da yawa da Turanci suke shigowa: jawabin gwamna, sanarwar 'yan sanda, takardun ma'aikatu. Mai karanta labaran Hausa a tashar jiha sau da yawa shi ne mai fassara. Kuskuren sabon hannu shi ne ya bi takarda kalma bayan kalma. Ka karanta ta duka, ka kife ta, ka tambayi kanka: wa ya yi me, a ina, yaushe, kuma me ya shafi manomi a Bakori ko mai sayar da kayan miya a Jibiya? Abin da ka amsa shi ne jimlarka ta farko.

Ga irin ɓarnar da bin Turanci ke jawowa. Za ka ji an ce, "Kwamishinan, wanda ya samu wakilcin babban sakatare, ya ce..." To wa ya yi maganar? Mutumin da bai zo wurin ba? Ka ce, "Babban sakatare, wanda ya wakilci kwamishina, ya ce..." ka huta. Za ka ji an gama labarin buɗe asibiti an ce, "A wani ci gaban kuma, mutum 7 sun mutu a hatsarin mota." Mutuwar mutum 7 ba ci gaba ba ce a Hausa. "A wani labarin kuma" ya wadatar, wani lokaci ma ɗan shiru na daƙiƙa 1 ya fi.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Kwamfutocin ɗakin labarai da yawa ba a saita musu ɓ, ɗ, ƙ ba, sai ka ga rubutu ya zo maka tsirara. "An kare aikin" da "an ƙare aikin" ba abu ɗaya ba ne. "Baki" a kan takarda yana iya zama bakin magana, ko launin baƙi, ko baƙin da suka zo daga nesa. "Zabi" tsuntsaye ne, "zaɓi" na akwatin ƙuri'a ne. Ka ɗauki biro ja ka bi takardarka ka sa wa kowace lanƙwasarta kafin ka shiga situdiyo, domin a gaban kyamara babu lokacin tunani.

Abin da rubutu ba ya nunawa ko kaɗan shi ne karin sauti da jan wasali. Ka duba wannan jimla: "Gwamna ya ce ya sauka." Idan ka ja "ya" ta biyu da sauti sama, gwamna ne ke sanar da cewa wani, ko shi kansa, ya riga ya sauka. Idan ka gajarta ta ka sauke sauti, umarni ne yake ba wani ya sauka. Wanda bai karanta labarin tun kafin lokaci ba, caca yake yi. In jimla tana da fuska biyu irin wannan, sake gina ta: "Gwamna ya umarce shi da ya sauka."

Lissafi ma tarko ne. "Dubu ɗari biyu da hamsin" mai sauraro yana iya ɗaukarsa 250,000, yana iya ɗaukarsa 200,050. Ka ce "dubu ɗari biyu da dubu hamsin". Kada ka bar adadi mai sifili da yawa a takardarka. Rubuta shi da kalmomi yadda za ka furta. Kasafin kuɗi kuwa ka taƙaita shi, ka ce "sama da naira biliyan kaza", ba wanda zai riƙe kwabbai.

Akwai kuma maganar Katsinanci. Ni ban taɓa jin kunyar "tahi" da "hwaɗa" da "kassuwa" da "malammai" ba, da su aka yaye ni, kuma a shirin hira ko na manoma suna ƙara wa magana gishiri. Amma labarai da daidaitacciyar Hausa ake karanta su, don mai kallo yana iya zama Bakano da ke aiki a sakatariya, ko ɗan Maraɗi da ke bin shafin tashar a Facebook. Ka koyi sauya baki yadda kake sauya riga. Abin da bai kamata ba shi ne ka ari muryar wani fitaccen mai karatu na gidan rediyon waje kana lanƙwasa harshe irin nasa. Mutane suna ganewa, kuma dariya suke yi.

Aikin gida: kullum ka ɗauki labari 3 na Turanci ka fassara, ka karanta wa wani dattijo ko gwaggonka da ba ta yi boko ba, ka ce ta maimaita maka abin da ta ji. Inda ta ruɗe, nan ne kuskurenka.

Littafin sunaye

Ka sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu. Shafin farko, ƙananan hukumomi 34 na jihar, yadda ake furta su a baki ba yadda aka rubuta a allon bakin hanya ba: Ƙanƙara, Kankiya, Ƙafur, Ɓatagarawa, Mai'aduwa, Ɗandume, Ɗanja, Funtuwa. Ka san Dutsi daban, Dutsin-Ma daban. Ɗan Musa daban, Musawa daban.

Sai sarautu. Masarautu 2 ne a jihar: Katsina, inda Mai Martaba Alhaji Abdulmumini Kabir Usman ke kan gado tun 2008, da Daura, inda Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar yake tun 2007. Hakimai kuwa kowa da sarautarsa da ƙasarsa: Galadima a Malumfashi, Ƙaura a Rimi, 'Yandaka a Dutsin-Ma, Durɓi a Mani, Makama a Bakori, Sarkin Maska a Funtuwa, Sarkin Ruma a Batsari. Ka cike sauran da kanka ta hanyar tambayar mutanen fada, ka kuma riƙa gyarawa duk lokacin da aka yi naɗi. Haka muƙaman soja da 'yan sanda, da wanda ake ce wa Dakta da wanda ake ce wa Farfesa, da sunayen kwamishinoni da ma'aikatunsu.

Ni da kaina na sha wannan ruwan. A shekarata ta farko na haɗa wa wani hakimi sarautar maƙwabcinsa, na wuce ban ko ji a jikina ba. Da safe tsohon editanmu yana zaune da kofin shayinsa ya ɗago kai.

"Yaro, zo nan."

"Na'am, Baba."

"Jiya ka tuɓe mutum ka naɗa wani cikin ƙiftawar ido. Ko Sarki sai ya tara majalisa."

"A yi haƙuri, Baba, haka aka rubuto mini."

"Wanda ya rubuto, wa ya ga fuskarsa?"

Ban samu amsa ba. Daren nan na ba da haƙuri a farkon labarai, na faɗi daidai, kuma washegari na sayi littafin.

Ka fita rana kafin ka shiga sanyi

Ba a fara aiki daga kujerar karatu, kuma gara haka. Za a tura ka kotu, kasuwa, majalisar dokoki, sansanin alhazai, wurin rabon taki. Ka riƙe wa mai kyamara ƙafafun kyamararsa, ka zauna kusa da mai tace hoto ka ga yadda yake haɗa murya da hoto. Ka koyi rubuta wa hoto magana: in mai kallo yana ganin ruwa ya cinye gona, ba sai ka ce masa ruwa ya cinye gona ba, gaya masa gonar wa ce da buhu nawa yake samu a cikinta. Shekara 1 ko 2 a wannan aiki ita ce za ta cece ka ranar da rahoto ya ƙi fitowa aka bar ka kai kaɗai da kyamara.

Ka zauna lafiya da masu kyamara, masu sauti, da direbobi. Darakta yana iya yabonka, amma mai sauti ne zai raɗa maka cewa makirufonka a buɗe yake.

Murya da gwaji

Numfashi daga ciki ake jawo shi, ba daga ƙirji ba. Ka kwanta rigingine ka ɗora littafi a kan cibiya, ka ja iska har littafin ya ɗaga. Wannan numfashin kake so a zaune. A takarda ka ja ɗan layi a duk inda za ka shaƙi iska, ka ja layi a ƙarƙashin kalma 1 tak da ke ɗauke da nauyin jimla. Ka auna kanka da agogo ka san kalma nawa kake karantawa a minti 1, don ranar da furodusa ya ce saura daƙiƙa 40 ka san labarin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Fassarar Hausa takan fi asalin Turancinta tsawo, ka sa wannan a lissafi.

Hunturun Katsina ba ya raga wa maƙogwaro. Ruwan ɗumi, ɗan zuma da citta, ka rufe hanci in kana kan babur. Ruwan ƙanƙara da gyaɗa da goro ka bar su sai an sauka.

Idan ka ji ka nuna, ka jingina wayarka a kan littattafai daidai tsayin ido, taga tana gabanka ba bayanka ba, ka ɗauki minti 3: kanun labarai, labarin gwamnati 1, na rasuwa ko hatsari 1, na wasanni 1. Ana so a ga fuskarka tana sauyawa da labari ba tare da ka yi wasan kwaikwayo ba. Wannan za ka kai wa shugaban sashen labarai. In ya ce da saura, tambaye shi ina ne, ka dawo bayan wata 1. Galibi za a fara gwada ka da taƙaitattun labarai ko na ƙarshen mako.

Daren farko

Ka zo da wuri, awa 3 kafin lokaci. Ka karɓi jerin labarai daga furodusa, ka karanta kowane da ƙarfi, ka kalli farkon kowane rahoto da ƙarshensa don ka san kalmar da wakili zai rufe da ita. Ka sa wa shafukanka lamba manya-manya, kada ka maƙale su da ƙarfe, labari 1 a shafi 1. Ko da akwai allon da rubutu ke tafiya a gaban kyamara, takarda tana hannunka kana juya ta tare da shi, domin allon yakan tsaya, kuma ba ya sallama kafin ya tsaya.

Tufafi: farar shadda ƙal tana ƙyalli a fitila ta duhunta fuska, yadi mai ƙananan zane-zane yana rawa a allo. In bangon situdiyo kore ne wanda ake ɗora hoto a kai, kada ka sa kore, in ba haka ba kai ne za ka zama taswira. Babbar riga mai sitaci tana ƙara a ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuya. Ke kuma 'yar'uwa, ki duba kada mayafi ko hijabi ya riƙa gogar makirufo, ki cire awarwaro don yana bugun tebur. Namiji ma ya shafa 'yar hoda a goshi da hanci, ba abin kunya ba ne, fitilun nan zafi gare su. Hula ta zauna daidai tun kafin a fara, kada hannu ya sake zuwa wurinta.

Ka zauna a gaban kujera, ka danne bayan rigarka, ƙafa biyu a ƙasa. Ka kalli tsakiyar gilashin kyamara kamar mutum 1 kake yi wa magana. Darakta zai riƙa magana a na'urar da ke kunnenka kana tsakiyar karatu. Sabo ne, kada ka gyaɗa kai, kada ka amsa. Sallamarka ta zama gajera. Daga lokacin da aka maƙala maka makirufo har a cire, ka ɗauka duk jihar tana jin ka.

In ka yi tuntuɓe a kalma, ka ce "a gafarce ni", ka faɗi daidai, ka wuce. In rahoto ya ƙi fitowa: "Za mu kawo muku wannan rahoto nan gaba kaɗan," ka shiga na gaba. In wuta ta ɗauke, ka zauna yadda kake har janareta ya ɗauka, don hoto yakan dawo kafin a gaya maka. A watan azumi, in lokacin labarai ya matso kusa da magariba, dabino 3 da ruwan ɗumi sun isa. Kunu da ƙosai su jira, cikakken ciki ba ya barin numfashi.

Labaran da ke da kaifi

Jihar nan ta sha fama da 'yan bindiga, kuma mai karanta labarai a nan dole wata rana ya karanta sunan ƙauyen da danginsa suke. Ƙa'ida ta farko, kowane adadi da mai shi. Ka tuna daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A kwanakin farko alƙaluma iri-iri suka riƙa yawo, gwamnatin jiha ta ce 333 ne ba a gani ba, da aka sako su ranar 17 ga wata aka ce 344. Wanda ya ce "gwamnati ta ce 333" bai yi ƙarya ba. Wanda ya ce "333 ne" ya yi. Kuma iyayen yaran suna zaune gaban akwatin suna jiran kowace kalma.

Kada ka karanta abin da aka turo a WhatsApp sai edita ya tabbatar daga wuri 2. Kada ka jingina laifi ga ƙabila. "'Yan bindiga" ko "ɓarayin daji" ya isa. Wanda aka kama "ana zarginsa" ne har kotu ta yanke hukunci, ko da an nuna shi da bindiga a gabansa. Yarinyar da aka ci wa zarafi ba a faɗin sunanta, ba a nuna fuskarta, ba a faɗin layinsu. Sunan mamaci ba ya fita sai an tabbatar iyalinsa sun sani. Babu abin da ya kai uwa ta ji rasuwar ɗanta daga bakinka muni. Ka kuma zaɓi kalma: mutumin kirki "ya rasu", kuma "sheƙe" da "bindige" kalmomin majalisar shayi ne.

Lokacin zaɓe, hukumar zaɓe kaɗai ke bayyana sakamako, kuma doka ta hana watsa tallan ɗan takara cikin awa 24 kafin ranar ƙuri'a. A tashar gwamnati labarin gwamna ne zai zo farko, wannan ba kai za ka sauya shi ba. Abin da ke hannunka shi ne ka ce "gwamnati ta ce ta gina" inda ba ka gani da idonka ba, kuma muryarka ta zama ɗaya ko labarin mai mulki kake karantawa ko na ɗan adawa. Masu kallo sun fi kula da wannan fiye da yadda 'yan siyasa ke zato.

Sai sharhin kai tsaye, wanda shi ne jarrabawar ƙarshe. Hawan Sallah a Ƙofar Soro, ko Sallar Gani a Daura, ko rana irin 15 ga Yuli 2025 da aka sauke gawar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a filin jirgin Katsina aka wuce da ita Daura. Awanni ne babu takarda. Dole ka gane tawagar kowane hakimi tun daga nesa, ka san Dikko ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sannan Muhammadu Kabir Usman har 2008, ka san tarihin Gobarau da rijiyar Kusugu yadda za ka ba da shi a jimla 3. Ka kuma san lokacin da za ka yi shiru ka bar tambari da algaita su yi magana. A jana'iza, shirun ya fi yawa.

Aljihu da gari

Kada fitilu su ruɗe ka. A tashar gwamnati mai digiri yakan fara a mataki na 8, albashin ma'aikaci ne kamar na kowa, kuma da yawa sukan yi shekaru a matsayin 'yan wucin gadi kafin takardar ɗauka ta fito. Amma gari yana ganinka cikin sabuwar shadda kowane dare, sai 'yan'uwa su ɗauka ka haye. Masu dabara sukan yi yarjejeniya da tela, su riƙa juya kaya 6 ko 7 da huluna daban-daban.

Daga nan ne ambulan ke shigowa, wanda ake kira "kuɗin mota". Ba zan yi maka ƙarya in ce ba a karɓa ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar askin takan zo ne daidai lokacin da labarin mutumin ya ɓaci. Hanyoyin halal suna nan: jagorancin taro da biki, sanya murya a talla, fassarar takardu ga ƙungiyoyi, koyarwa na ɗan lokaci. Ka nemi izinin shugabanka, kuma ka guji jagorancin taron jam'iyya. Wanda aka gani yana yi wa ɗan takara kirari ranar Asabar ba zai karanta labarinsa ranar Litinin a yarda da shi ba. Ka shiga ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ko ta ma'aikatan rediyo da talabijin, RATTAWU, ranar da aka taso ka za ka san amfaninsu.

Shafinka na Facebook ko TikTok ma na tashar ne a idon mutane, ko ka rubuta cewa ra'ayinka ne. A bakin masallaci za a tare ka: "Malam, ashe haka abin ya faru?" Ka amsa da abin da ka karanta, kada ka ƙara da abin da ka ji a ɗakin labarai. Ga mata akwai ƙarin nauyi, wato tashi aiki da dare da surutun mutane. Ki daidaita maganar da gida tun kafin ki karɓi aikin, ki kuma tabbatar an tsara motar da za ta mayar da ke, kada ki bar shi sai daren ya yi.

In ka so wucewa gaba

Wasu sukan zauna har shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa, su zama editoci da daraktoci. Wasu sukan koma jami'an yaɗa labarai na ma'aikatu. Wasu kuma sukan nufi Kaduna, Kano, Abuja, ko sassan Hausa na BBC, DW, RFI da TRT. Hanyar ba baƙuwa ba ce ga mutanen nan: ranar 13 ga Maris 1957 da BBC ta fara shirin Hausa, Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya gabatar da shi. Waɗannan gidaje da fassara suke fara gwada mutum, a ba ka labari a ce ka mayar cikin 'yan mintoci, sannan gwajin murya, sannan su nemi ganin aikin da ka taɓa yi, kuma yanzu suna son wanda zai iya ɗaukar bidiyo da waya ya tace da kansa.

Don haka ka riƙa ajiye aikinka tun daga watan farko. Duk daren da ka ji karatu ya yi kyau, ko ka yi hira mai ma'ana, ko sharhin hawa, ka je wurin mai tace hoto da filashinka a daren, kafin ya tashi. Katin kyamara da kwamfutar situdiyo ba su da wurin ajiya mai yawa, ana goge na jiya don a ɗauki na gobe. Ka rubuta kwanan wata da kanun labarin a sunan kowane fayil, ka ajiye kwafi 2, ɗaya a gida, ɗaya a intanet.